Ciwon da ido ba ya gani: me bincike ya gano kan buguwar kai da rikicewar hankalin yara a sashen gaggawa?

Jini ba ya ɓuya. Yaron da aka shigo da shi imajansi goshi a fashe, riga jina-jina, ba ya bukatar mai yi masa magana. Layi zai dare, nas za ta taso, mai gadi ma zai riƙe ƙofa. Waɗanda suka fi ba ma'aikatan asibiti wahala yara ne iri biyu da ba a ganin ciwonsu. Akwai wanda ya faɗo daga katanga ko daga adaidaita sahu, ya yi kuka ya share hawaye, ga shi zaune a cinyar uwarsa yana kallon mutane. Akwai kuma 'yar shekara 15 da aka kawo da ciwon ciki, aka auna komai lafiya lau, amma ta yi makonni ba ta cin abincin kirki, ba ta kula kowa a gida. Mafi yawansu za su koma gida ba abin da zai same su. 'Yan kaɗan daga ciki suna cikin haɗarin da zai iya cin rai kafin gari ya waye, kuma a fuska duk ɗaya suke. Binciken da aka yi a wannan fanni cikin shekaru ashirin da suka wuce kusan duk a kan abu ɗaya ya tsaya, wato yadda za a tsamo waɗannan 'yan kaɗan daga cikin taro.

Mu fara da kai, don a nan ne amsar ta fi fitowa fili. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba da wuri. Idan jijiya ta tsinke a ciki, musamman wadda ke bi ta gefen kai tsakanin ido da kunne inda ƙashi ba shi da kauri, jini zai riƙa taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake samun yaron da ya faɗi da hantsi, ya tashi ya ci gaba da wasa, da la'asar ya fara layi, da magariba a kasa tashinsa. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira CT tana nuna wannan jini cikin 'yan mintuna. To me zai hana a yi wa duk yaron da ya bugu hoto a huta? A Amurka kusan abin da aka riƙa yi ke nan, har likitoci suka fara jin tsoron abin da suke yi da hannunsu, domin hasken na'urar ba kyauta yake shiga jikin yaro ba. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya bi sawun yara da matasa kusan 178,000 da aka taɓa yi wa CT. An ƙiyasta cewa a duk hoton kai 10,000 da aka yi wa 'yan ƙasa da shekara 10, za a samu ƙarin mutum ɗaya mai kansar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa cikin shekaru goma. Haɗarin ƙarami ne ga yaro ɗaya, bai kai ya hana a yi hoton da ake bukata ba. Amma idan ana yi wa miliyoyi ba gaira ba dalili, ya zama lissafin rayuka.

Haɗakar sassan gaggawa na yara a Amurka da ake kira PECARN, wadda aka kafa a 2001, ita ta ɗauki aikin. Ƙarƙashin jagorancin Nathan Kuppermann, sun tattara bayanan yara 42,412 a asibitoci 25, dukansu waɗanda suka bugu a ka amma suna cikin hayyacinsu ko kusa da haka. Sakamakon ya fito a 2009. Yara 376 ne kawai, wato ƙasa da ɗaya cikin ɗari, suka samu rauni mai haɗari a ƙwaƙwalwa, 60 kacal suka bukaci tiyata, alhali an yi wa fiye da kashi ɗaya bisa uku hoton CT. Daga nan suka fitar da alamomi shida-shida. Ga ɗan shekara 2 zuwa sama, ana duba ko hankalinsa ya gushe ko yana maimaita magana, ko ya suma, ko ya yi amai, ko yana ciwon kai mai tsanani, ko akwai alamar karaya a gindin ƙoƙon kai (jini ko ruwa daga kunne, ko baƙi ya zagaye idanu), sai kuma ƙarfin abin da ya buge shi. Faɗowa daga sama da mita ɗaya da rabi, ko mota ta kaɗe mai tafiya a ƙasa, suna cikin masu tsanani. Yaron da ba shi da ko ɗaya cikin shidan, haɗarinsa bai kai ɗaya cikin 2,000 ba, kuma ba ya bukatar hoto.

Jerin 'yan ƙasa da shekara 2 ya fi ɗaukar hankalina. Jariri ba zai ce kansa na ciwo ba, amai kuwa abin yau da kullum ne a wurinsa, don haka sai aka koma ga wasu alamomi: gushewar hankali, suma ta daƙiƙa biyar ko fiye, karayar ƙoƙon kai da likita ke ji da yatsa, faɗowa daga abin da ya kusa mita ɗaya, da ƙulu a gefen kai ko tsakar kai ko ƙeya. Ƙulun goshi, wanda shi ya fi tayar wa iyaye hankali saboda girmansa, shi ne mafi sauƙi. Alama ta ƙarshe ita ce maganar iyaye, ko yaron yana yadda suka saba ganinsa. Wato idan uwa ta ce, “Likita, wallahi ba haka yake ba, tun ɗazu ya ƙi kama nono,” wannan magana ta shiga ma'auni daidai da abin da likita ya taɓa da hannunsa. Ba don ladabi aka saka ta ba, lissafi ne ya nuna tana hasashen haɗari. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A asibitocin da cunkoso ya sa ake katse uwa tun kafin ta kai aya, wannan darasi ne da ba ya bukatar ko sisi.

An sake gwada ma'aunin a Ostireliya da New Zealand kan yara 20,137, aka buga a 2017, ya kuma tsaya da ƙafarsa. Wani abin da binciken ya ƙarfafa shi ne zaman jira. Yaron da ke tsaka-tsaki, misali ya yi amai amma ba wata alama, ana iya ajiye shi sa'o'i huɗu zuwa shida nas na leƙa shi, tana duba ƙwayar idonsa, tana yi masa magana. A bayanan PECARN, cikin yara 815 da amai kaɗai suka yi, biyu ne suka samu rauni mai haɗari. Lokaci da kansa yana tace marasa lafiya: mai sauƙi zai ware ya nemi abinci, mai jini a ka zai fara nuna kansa.

A Kano matsalar a juye take. Ba yawan hoto ke damunmu ba. Na'urorin suna manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da wasu cibiyoyin kuɗi, kuma farashin hoto ɗaya ga iyali da yawa abincin makonni ne. Duk da haka ma'aunin ya fi mana amfani fiye da waɗanda suka ƙirƙire shi. Jami'in lafiya a ƙaramin asibitin unguwa, a Rijiyar Lemo ko Sheka ko Hotoro, yana bukatar sanin wane yaro zai ce wa ubansa “Malam, kada ka tsaya komai, ku wuce babban asibiti yanzu,” wane kuma zai zaunar a benci ya sa masa ido. Tura kowa yana cinye kuɗin talaka ya cika imajansi. Riƙe kowa yana kashe na ɗaya cikin ɗarin.

Sai dai ɗauko ma'aunin wata ƙasa a dasa shi yadda yake akwai ganganci a ciki, kuma Afirka ta taɓa ganin misali mai ɗaci. Shekara da shekaru ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar har jininsa ya raunana, a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya, don haka ake yi a Turai. Da aka gwada a Uganda da Kenya da Tanzaniya kan yara 3,141, a binciken FEAST da Kathryn Maitland ta jagoranta aka buga a 2011, sai aka ga waɗanda aka ɗura wa ruwan sun fi mutuwa: sama da 10 cikin ɗari a sa'o'i 48, a kan kusan 7 cikin ɗari na waɗanda ba a ɗura wa ba. Yaranmu suna zuwa da maleriya da ƙarancin jini da tamowa, asibitocinmu kuma ba su da injin numfashi a kowane gado.

Haka batun kai yake. Yaran PECARN duk cikin sa'o'i 24 da buguwa aka kawo su. A nan sau da yawa sai an shafa man zafi, an gasa ƙulun da tsumma, an sayo farasitamol a kemis, an kwana biyu, sannan a nufi asibiti. Irin haɗarin ma daban ne. Tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, amma har gobe za ka ga uba ya jera yara uku a babur da safe, ƙaramin a kan tanki yana riƙe da madubi, babu mai hular kwano. Ga faɗowa daga bishiyar mangwaro, ga benen da ba a gama yi wa shinge ba, ga rotse a faɗan unguwa. Sannan akwai tambayar da likitan Amurka bai cika yi ba: faɗuwar ce ta jawo suma, ko suma ce ta jawo faɗuwa? A damina, yaron da aka ce ya faɗi ya sandare zai iya kasancewa maleriya ce ta hau masa ka, ko sukarin jininsa ya sauka, ko farfaɗiya ce. Da zafi kuma sanƙarau na nan. Mai sikila yana iya samun shanyewar ɓarin jiki tun yana ɗan shekara biyar. Duk wani ma'aunin buguwar kai da za a yi aiki da shi a nan dole ya tafi tare da gwajin maleriya da na sukari.

Abin da ya shafi gida a bayyane yake. An saba cewa kada a bar yaron da ya bugu ya yi barci. Barci ba ya kashe shi, abin dubawa shi ne ko yana tashi idan an tashe shi ya gane mutane. Amai a kai a kai, jijjiga, ciwon kai mai ƙaruwa, rauni a hannu ko ƙafa, kumburin maɗiga a jariri, barcin da ba a iya katsewa, kowanne cikinsu na nufin asibiti ko da tsakar dare ne. Idan yana jijjiga a kwantar da shi a gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sosai.

Wanda hotonsa ya fito lafiya ma bai gama ba. Wani bincike a Kanada kan yara kusan 3,000, da aka buga a 2016, ya nuna kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza suna fama da ciwon kai, jiri, mantuwa ko saurin fushi har bayan wata guda. Irin wannan yaro ne ake ce wa ya zama malalaci a aji a zane shi. Wani binciken kuma a lardin Ontariyo, a 2022, ya kwatanta yara fiye da 150,000 da suka bugu a ka da waɗanda suka ji rauni a ƙashi ko gaɓa, ya samu cewa na farkon sun fi da kusan kashi 40 cikin ɗari shiga matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa daga baya. A nan ne hanyoyin biyu suka haɗu.

Rikicewar hankali ta fi buguwar kai wuyar aunawa, don babu na'urar da ke nuna ta. Matakin farko dai na jiki ne. Matashin da aka kawo yana sambatu, yana fizge-fizge, bai san inda yake ba, kafin a ce taɓin hankali ne ko iska, sai an tabbatar ba zazzaɓi, ba sanƙarau, ba saukar sukari, ba ƙwaya. Akwai maganin amai da ake sayarwa a kemis, metoclopramide, wanda a wasu yara yake murɗe wuya, ya ƙafe idanu sama, ya turo harshe waje. Duk wanda ya ga wannan a tsakar gida zai rantse aljanu ne, alhali allura ɗaya ke warware shi cikin mintuna. Ba na ganin ruƙiyya da asibiti a matsayin kishiyoyi, iyali na iya yin addu'arsu a bakin gado. Abin da ke cutarwa shi ne a kwana uku ana hayaƙi a ɗaki kafin a tuna da ma'aunin zafi. Batun ƙwayoyi kuwa Kano ta san shi. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramol da sauran tarkace ba su bar unguwanni ba, kuma masu sha suna farawa tun suna sakandare.

Wanda ya fi ɓuya shi ne mai shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kashe kai yana sahun gaba cikin abubuwan da ke ɗauke 'yan 15 zuwa 29. A Amurka abin ya kai ƙungiyoyin likitocin yara suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara a Oktoban 2021, bayan da 'yan mata masu shekara 12 zuwa 17 da ake kaiwa imajansi bisa zargin yunƙurin kashe kai suka ƙaru da kusan rabi a farkon shekarar, idan an kwatanta da 2019. Tun kafin nan masu bincike sun lura cewa irin waɗannan yara sukan bi ta asibiti da wani ƙorafi na daban, a ba su magani su wuce. A 2012 Lisa Horowitz da abokan aikinta a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka suka gwada tambayoyi kan matasa 524, har da waɗanda ciwon jiki ya kawo su, suka tace su zuwa huɗu da nas za ta yi cikin ƙasa da minti ɗaya: ko a makonnin nan ka yi fatan da ka mutu, ko ka ji kai ko iyalinka za ku fi hutawa idan ba ka raye, ko a makon nan ka yi tunanin kashe kanka, ko ka taɓa gwadawa. Tambayoyin sun kama kusan 97 cikin ɗari na masu haɗari.

Nan take Bahaushe zai ce kada a sa wa yaro abin da babu a ransa. Ba mu kaɗai ke da wannan tsoro ba, kuma an gwada shi. A 2005 Madelyn Gould ta raba ɗaliban sakandare 2,342 a jihar New York gida biyu, aka yi wa rabi tambayoyin kashe kai, rabi ba a yi musu ba. Waɗanda aka tambaya ba su fi shiga damuwa ko tunanin ba. Masu ciwon damuwa a cikinsu ma kamar sun ɗan samu sauƙi.

Amma fassara tambayoyin zuwa Hausa ba ta isa ba, kuma a nan ne nake ganin babban giɓin bincike. Yarinyar da ta tashi ta san kashe kai haramun ne, ga babarta a tsaye, ga yayarta, ga majinyata biyu a gadon gefe suna kasa kunne, me za ta ce in ba “a'a” ba? Damuwarta za ta fito ne da wani harshe: “ƙirjina ya yi nauyi,” “kaina yana zafi,” “na gaji da komai,” “da ma in huta.” Waɗanne cikin waɗannan kalamai ne ke nuna haɗari, waɗanne ne gajiyar yau da gobe? Sai an zauna da matasan Kano an auna kafin a sani. Kuma dole a nemi hanyar ce wa uwa, “Hajiya, ki ɗan ba mu minti biyu,” ba tare da ta ji an zarge ta ba, domin wani lokaci abin da ke cin yarinyar a cikin gidan yake, auren da ba ta so, ko duka, ko cin zarafin da ba ta da bakin faɗa.

Doka ma tana ƙara rufe baki. Sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ko tara ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kawo haƙƙoƙi da yawa amma ba ta goge wannan ba. Ghana ta goge nata a 2023. Ko da ba a cika kai kowa kotu ba, iyali sukan ce “kuskure ne, ta ɗauka magani ne,” a rubuta haka a kati, a sallame ta ba wanda ya zauna da ita. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, na yara kuwa 'yan ƙalilan ne. Sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kaɗai ya isa ya sa uba ya ce a bar maganar, don kada a ce 'yarsa ta taɓa zuwa can a rasa mai aurenta. Shi ya sa aikin zai faɗa kan nas da likitan imajansi, ko sun shirya ko ba su shirya ba.

Abu ɗaya da hujjarsa ta fi ƙarfi, kuma ya dace da mu, shi ne nesanta abin cutarwa. Yunƙurin matashi yawanci na ɗan lokaci ne, fushi ko baƙin ciki ya taso, idan ya wuce da rai mafi yawa ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi guba daki-daki, kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari daga 1995, an kuma ƙiyasta an tsirar da rayuka 93,000 cikin shekaru ashirin, noma bai durƙushe ba. NAFDAC ta taƙaita sayar da irin waɗannan magunguna a 2019, amma har yanzu ana ajiye fiya-fiya a bayan ƙofa a gidaje da yawa. Kafin a sallami yaro, nas ta tambayi abin da ke ɗaki na guba da ƙwayoyi, ta sa a kulle su, a rubuta wanda yaron zai kira idan abin ya taso, a kuma buga masa waya cikin kwanakin farko. Wannan yana cikin abin da ake kira tsarin kariya a manyan asibitocin duniya.

Saura tambayar wa zai yi mana namu binciken. Kano tana da tabo a nan. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Duk mai zuwa da takardar neman yarda a bakin gadon yaro yana tafe da wannan tarihi a bayansa, kuma binciken gaggawa ya fi kowanne wuya, don uban da ɗansa ke sume ba ya cikin halin karanta shafi uku. Amma an yi aiki mai kyau bayan nan. A asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, tare da Barau Dikko a Kaduna, an gwada maganin hydroxyurea kan yara 220 masu sikila don hana shanyewar ɓarin jiki, aka buga a 2022, kuma likitocin duniya suna aiki da sakamakon. Buguwar kai da rikicewar hankali ba sa ma bukatar gwajin sabon magani a matakin farko. Rajista suke bukata, iri ɗaya a Murtala da Nassarawa da Hasiya Bayero da Malam Aminu Kano: shekarun yaro, abin da ya same shi, sa'o'i nawa kafin a kawo shi, me aka yi masa a gida, alamomin nan shida, sakamakon gwajin maleriya, da lambar wayar da za a kira bayan mako guda a ji ko yana raye, ko ya koma makaranta. Da irin wannan takarda PECARN ta tara yaranta 42,412, kuma yawan yaran da ke bi ta imajansin Kano ya isa a tara adadi mai ma'ana cikin 'yan shekaru, idan an ɗauki ma'aikacin da aikinsa ke nan, ba a ɗora wa nas ɗin da ke riƙe da gado ashirin ita kaɗai da dare ba.